Yadda Katin Bashina Ya Cika a Ƙasar da Ban San Kowa Ba

A rana ta tara ta wata tafiyar aiki da na yi zuwa ƙasar waje, na isa otal na biyu da dare bayan doguwar tuƙi, na miƙa katin bashina a teburin karɓar baƙi, ma'aikaciyar ta saka shi a na'ura har sau uku, na'urar kuma ta ƙi karɓarsa duk sau ukun. Na roƙe ta ta sake gwadawa domin ina da tabbacin cewa kuskure ne, tun da a lissafin da nake yi a zuciyata ban kashe ko kashi ɗaya cikin uku na iyakar da banki ya ba ni ba. Ta ce mini cikin ladabi na'urar tana nuna cewa babu sauran wuri a katin. Na koma gefe na zauna, na haɗa wayata da intanet ɗin otal, na buɗe manhajar banki, abin da ban yi ba tun ranar da na bar gida, sai na tarar da gaske katin ya cika maƙil.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne cewa kusan rabin abin da ya cike katin ba sata ba ce, kuma ba kuɗin da na kashe ba ne. Lokacin da na sauka a otal na farko, sun saka katin a na'ura sun ce don tabbatarwa ne kawai, ni kuwa ban tambayi adadin ba. Ashe sun riƙe kuɗin kwanakin da zan yi gaba ɗaya, sun ɗora wani ƙari a kai saboda abin da baƙo zai iya ci ko ya lalata, jimilla kusan kashi 25 cikin 100 na iyakata. Kamfanin da na yi hayar mota a wurinsa shi ma ya riƙe kusan kashi 20. Irin wannan riƙo ba ya fita daga hannun banki zuwa hannun ɗan kasuwa, kuma ba a lissafa masa kuɗin ruwa, amma yana toshe wurinsa a cikin iyakar katin kamar dai an kashe shi. Da na tashi barin otal ɗin, sai suka caji ainihin kuɗin kwanana a matsayin sabuwar mu'amala ba tare da sun saki riƙon farko ba, saboda haka kuɗin kwanakin nan ya zauna a katina sau biyu. Riƙo irin wannan yakan faɗi da kansa, sai dai yana iya ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni, matafiyin da ke tsaye da jakarsa a hannu kuwa ba shi da makonni.

Sauran abin da ya cike katin, kusan kashi 25, shi ne na ɓarawo. Na ga jerin sayayya guda shida da aka yi ta intanet cikin kwana biyu, daga shagunan da ban taɓa jin sunansu ba. Kafin su kuma akwai wani ɗan ƙaramin caji, wanda ƙanƙantarsa ta isa mutum ya gan shi ya wuce. Daga baya ma'aikacin banki ya bayyana mini cewa haka 'yan damfara suke yi: sukan fara taɓa katin da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba don su ga ko yana aiki, idan ya wuce kuma mai shi bai motsa ba, sai su shiga da ƙarfinsu. Bankina ya aiko mini da saƙon kowane ɗaya daga cikin waɗannan caji a daidai lokacin da aka yi shi. Saƙonnin sun tafi layin wayata na gida, wanda na cire tun a filin jirgin sama na saka na ƙasar da na je don in rage kuɗin kira, na naɗe shi a takarda na jefa a aljihun jaka. Wannan kuskuren ya fi kowanne yi mini ciwo, domin da na ga saƙon farko da na rufe katin a cikin manhaja cikin minti ɗaya, da sauran shidan ba su wuce ba.

Katin yana aljihuna duk tsawon lokacin, wannan ne ya sa na daɗe ban yarda an sace shi ba. Gaskiyar ita ce mai sayayya ta intanet ba ya buƙatar katin a hannunsa. Lambobi 16 na gaba, da wata da shekarar ƙarewarsa, da lambobi uku na baya sun wadatar a shaguna da yawa, musamman waɗanda ba sa neman lambar tabbatarwa da banki ke turo wa mai kati. Sau ɗaya tak katin ya bar idona a tafiyar, a wani gidan cin abinci inda mai hidima ya ɗauke shi ya shiga ciki da shi na 'yan mintoci, kuma daƙiƙa biyu sun isa a ɗauki hoton gaba da bayansa da waya. Na yi ta dogara da ɗan guntun ƙarfen nan mai ruwan zinariya da ke jikin katin, tsarin da ake kira EMV daga sunayen Europay da Mastercard da Visa, wanda ke ƙirƙirar sabuwar lambar sirri ga kowace mu'amala ta yadda kwafinsa ba ya amfani. Tsarin yana da ƙarfi ƙwarai a inda aka saka kati a na'ura, amma ba ya kare lambobin da aka buga a fili a jikin roba, haka kuma ba ya kare baƙin zirin maganaɗisu na baya, wanda bayanansa ba sa canzawa, wanda kuma shi ne 'yan damfara ke kwafa da ƙananan na'urorin da suke liƙawa a bakin ATM.

Na kira banki a daren. Suka rufe katin nan take, wanda shi ne daidai, amma suka shaida mini cewa sabon kati zai tafi adireshina na gida. Abin da ya cece ni shi ne katin asusun ajiyata da ke cikin wata jaka daban, da shi na biya otal ɗin, ina sane da cewa yanzu riƙon da za su yi a kan kuɗina na gaske zai sauka. A nan ne na gane bambancin katunan biyu da kyau. Idan aka yi sata a katin bashi, kuɗin banki ne ke rataye har a gama bincike. Idan aka yi a katin asusu, kuɗin mutum ne ke ɓacewa, shi ne kuma zai yi ta jira. Dokokin wasu ƙasashe ma sun bambanta su. A Amurka, alal misali, abin da za a iya ɗora wa mai katin bashi na cajin da bai ba da izini ba bai wuce dala 50 ba, wata doka ta 1974 kuma ta ba shi kwana 60 daga aiko da takardar lissafi ya kai ƙorafi, alhali mai katin asusu da ya ɓatar da katinsa ya wuce kwanakin aiki biyu bai sanar ba asararsa tana iya kaiwa dala 500. Visa da Mastercard suna da nasu alkawarin cewa ba za a ɗora wa mai kati cajin damfara ba, amma da sharaɗin ya kula da katinsa kuma ya yi gaggawar sanarwa, saboda haka jinkiri yana iya raunana hujjar mutum ko a ina yake.

Na cike takardar ƙin amincewa da cajin bakwai ɗin, na haɗa da tikitin jirgi da rasit ɗin otal, bankin ya bi ta hanyar da kamfanonin kati suka tanada ta mayar da caji ga ɗan kasuwa, bayan 'yan makonni aka share su duka. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Ba ta ƙare ba, domin a watan da na dawo na nemi rancen da na daɗe ina shiri a kansa, sai aka ba ni sharuɗɗan da suka fi waɗanda na zata tsauri, aka ce rahoton bashina ya nuna katina a kusa da cika. Ban taɓa jinkirta biya ko sau ɗaya ba, shi ya sa abin ya ba ni mamaki har na zauna na karanta yadda ake auna masu neman bashi. Bankuna sukan aika wa hukumomin tattara tarihin bashi adadin da ake bin mutum sau ɗaya a wata, galibi a kusa da ranar rufe lissafi, wato ranar da banki ke haɗa lissafin watan, kuma tawa ranar ta faɗo ne lokacin da cajin ɓarawo da kuɗin otal da na mota duk suna kan katin. Mai ba da rance yana duba rabon abin da ake bin mutum da iyakar da aka ba shi. A ma'aunin FICO da aka fi amfani da shi a Amurka, wanda makinsa ke tsakanin 300 da 850, tarihin biya a kan lokaci yana ɗauke da kashi 35, yawan bashin da ke kan mutum kuma kashi 30, wato shi ne na biyu a nauyi. Shawarar da masu ba da shawara kan kuɗi suka saba bayarwa ita ce kada abin da ke kan kati ya wuce kashi 30 na iyakarsa, ƙasa da haka kuma ya fi. Lissafin yana da sauƙi, amma sakamakonsa yana da ban mamaki. Mutumin da ake bi 300 a katunan da jimillar iyakarsu 1,000 ce yana kan kashi 30; idan banki ya rage iyakar zuwa 500, ko shi da kansa ya rufe wani tsohon kati mai iyakar 500 da ba ya amfani da shi, sai ya wayi gari a kan kashi 60 ba tare da ya ci ƙarin bashin ko kwabo ba.

Wannan ya jefa ni cikin tunani, domin a makon farko bayan satar niyyata ita ce in sa banki ya zabge iyakar katin, a kan hujjar cewa abin da ɓarawo zai iya ɗiba ba zai wuce iyakar ba. Hujjar gaskiya ce, amma ƙaramar iyaka ita ce ta bar ni a tsaye a gaban teburin otal, ita ce kuma za ta sa ɗan ƙaramin kashe kuɗi ya riƙa nuna ni kamar wanda bashi ya yi wa katutu. Babbar iyaka kuma tana da nata haɗarin, wanda a ganina ya fi na ɓarawo kusa da mutum, domin ido yana sabawa da adadin har zuciya ta fara ƙirga shi cikin dukiya, alhali bashi ne da ke jiran a ci. Wanda ya cika katinsa ya koma biyan mafi ƙarancin abin da ake nema a wata zai ga yawancin kuɗin yana tafiya ga kuɗin ruwa, uwar bashin kuwa tana nan da ƙyar take motsi. Cirar tsabar kuɗi da katin bashi a ATM ta fi muni, saboda ana cajin kuɗin cira, kuɗin ruwanta ya fi na sayayya, kuma yana fara hawa tun ranar da aka cira ba tare da wa'adin rangwamen da sayayya ke samu ba. Na yi ta sau ɗaya a farkon wannan tafiya, na kuma ga abin da ta jawo a takardar lissafi.

Matsayar da na cimma ita ce in bar iyakar banki yadda take, in kafa tawa iyakar a ƙarƙashinta. Manhajar bankina tana ba da damar ƙayyade abin da za a iya kashewa a rana, da kashe sayayyar intanet da cirar kuɗi a kunna su lokacin buƙata kawai, kuma duk wannan yana nan tun kafin tafiyar, ni ne ban taɓa buɗe shafin ba. Yanzu ina tafiya da katin bashi biyu daga bankuna daban-daban a wurare daban-daban. Mai babbar iyaka na otal da hayar mota ne kaɗai, ba ya fita yawo. Mai ƙaramar iyaka shi nake amfani da shi a hanya, kuma galibi ta waya nake biya, domin tsarin biya irin na Apple Pay da Google Pay yana miƙa wa ɗan kasuwa wata lamba ta madadi ba ainihin lambar katin ba. Na mayar da sanarwar caji zuwa cikin manhaja da imel don kada ta dogara da layin waya, na rubuta lambar kiran banki daga ƙasar waje a takarda, domin lambar da ke bayan kati tana tafiya tare da katin idan ya ɓata. Idan mai hidima ya miƙo hannu zai tafi da katina, nakan tashi in bi shi zuwa wurin na'ura. Idan na'ura ta tambaye ni ko a caje ni da kuɗin ƙasata ko da na ƙasar da nake, nakan zaɓi na ƙasar da nake, saboda canjin da na'urar ke bayarwa yakan fi na kamfanin kati tsada.

Game da rancen nan, na janye buƙatata na jira. Da aka share cajin damfara na biya sauran, rahoton wata na gaba ya nuna katin a ƙasa sosai, na sake nema aka ba ni sharuɗɗan da na zata tun farko. Tun daga lokacin, idan na dawo daga tafiya nakan biya abin da ke kan katin kafin ranar rufe lissafi, ba na jiran ranar ƙarshe ta biya. A tafiyar da na yi bayan wannan, na tambayi ma'aikacin otal nawa za su riƙe kafin in miƙa katin, ya faɗa mini, saƙon ya shigo wayata da adadin ina tsaye a wurin, a ranar tashi kuma ban bar teburin ba sai da ya cire kuɗin kwanana daga cikin riƙon ya ba ni takardar da ke nuna an saki ragowar.