Gwiwar da na yi wa riƙon sakainar kashi

Ƙannena masu taka leda, ranar da gwiwata ta hagu ta lalace babu wadda ta taɓa ni. Tsalle na yi zan sa wa ƙwallo kai, na dira a kan ƙafa ɗaya a miƙe, gwiwar ta karkata ciki, na ji ƙas. Kafin magariba ta kumbura suntum. Jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke, wadda likitoci ke kira ACL. Ta fi tsinke wa mata fiye da maza, ita ce ma ta hana Leah Williamson da Beth Mead na Ingila buga Kofin Duniya na 2023.

Sakacin daga gare ni ne. Duk sanda koci ya ce a ɗumama jiki, sai in zaga fili sau biyu in ce a kawo ƙwallo. Tsayuwa da ƙafa ɗaya da tsallen gefe, wasan yara na ɗauke su. Ashe su ne ke koya wa ƙwaƙwalwa da tsoka aiki tare, har jiki ya saba kare gwiwa tun kafin ki yi tunani.

Ku nemi tsarin ɗumama jiki don rage rauni, wanda ake kira FIFA 11+. Minti 20 ne kacal, aƙalla sau biyu a mako, kuma ba ya cin ko sisi. An gwada shi a Norway a kan 'yan mata kusan 1,900, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda na fi so a ciki: ki durƙusa, ƙawarki ta danne miki idon sawu, ki riƙa karkata jikinki gaba a hankali har bayan cinya ya gaza riƙe ki. Da zafi kam, amma wannan tsokar ce ke tallafar jijiyar. In za ki dira kuma, ki lanƙwasa ƙugu da gwiwa, gwiwar ta kalli inda yatsun ƙafa suka kalla. Wadda ta iya wannan ta fi saurin tsayawa da juyawa in ta zo yanka.

Kuskurena na biyu ya fi ciwo. Na ɗauka targaɗe ne, aka kai ni wurin mai ɗori, kumburi na sacewa na koma fili. Gwiwar ta sake zamewa, har guringuntsi ya yage. Da ma likitan ƙashi na fara gani! Bayan tiyata akan ɗauki wata tara zuwa shekara kafin a dawo wasa. Ni ban dawo ba. Har yau a kan kujera nake yin sallah in sanyi ya shigo.