Ganyen da ya kwana a cikin dutse

A kan teburina a nan Argungu akwai wani dutse mai launin tsatsa, bai fi ƙwan agwagwa girma ba, a rabe gida biyu. In ka buɗe shi sai ka ga reshe kwance a ciki, ƙananan ganyaye jere dama da hagu kamar na ɗorawa, har jijiyoyinsu ana gani. Shekarunsa sun kai miliyan 309.

Ƙanena ne ya kawo mini tsarabarsa daga jihar Ilinoi ta Amurka, inda yake karatu. Ya san darasin labarin ƙasa nake koyarwa, ya kuma san tun muna yara aljihuna ba ya rabuwa da tsakuwa. Guda uku ya kawo, dukansu a rufe, daga wani wuri da ake kira Mazon Kirik. Inna ta jujjuya ɗaya a tafin hannunta ta ce, "Wanga dutse mi yayanka zai yi da shi?"

Na farko gaggawa ta sa na ɗora masa guduma. Ya farfashe, na ga ɓarɓashin ganye a jikin gutsattsarin, ba halin haɗawa. Har yau abin yana ci mini rai. Sai ƙanen nawa ya gaya mini yadda masu tara irinsu suke yi a can: a jiƙa dutsen a ruwa kwanaki, a sa shi ya daskare, a fito da shi ya narke, a maimaita. Ruwan da ya shige shi yana kumbura in ya zama ƙanƙara, shi ne zai tsaga dutsen daidai inda ganyen yake, don nan ne ya fi rauni. Na roƙi maƙwabcina mai sayar da ƙanƙara ya ba ni lungu a firizarsa. Kusan wata biyu ina kai robar ina ɗaukowa. Ran nan bayan la'asar na taɓa na biyun, sai ya buɗe da kansa a hannuna. Na daɗe zaune ban ce uffan ba, sai tasbihi.

Ganyen na fan ne, dangin agugu da tsofaffi ke sha don tsutsar ciki. Ya rayu a zamanin da masana ke kira Kaboniferas, daga shekaru miliyan 359 zuwa 299 da suka wuce. A lokacin Ilinoi tana kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, fadama ce mai zafi da laima, da itatuwa masu kai mita 30. Babu fure, babu tsuntsu ko ɗaya. Abin da ya faɗi cikin ruwan fadamar bai samu iskar ruɓewa ba, ya taru, ƙasa ta danne shi har ya zama kwal. Nawa ganyen laka ce ta binne shi da wuri, ma'adinin ƙarfe ya daskare kewaye da shi kafin ya lalace.

Ɗalibaina sun ɗauka kwal ɗin Inugu, wanda aka gano a 1909, daga irin wannan daji ya fito. A'a, shi ƙarami ne ƙwarai a shekaru, na zamanin dinoso ne, dabbobin nan masu kama da ƙadangaru da suka zo daga baya. Haka ma itacen da ya zama dutse da ake tsinta a yankin Illo, wanda nake da guntaye biyu nasa. Kwal na zamanin Kaboniferas kamar ganyena yana Anu Araren kusa da Agadas a Nijar, inda ake ƙona shi a ba garin Arlit wutar lantarki. Can nake burin zuwa in Allah ya yarda, in duba duwatsun da ke kwance a saman kwal ɗin.

Na ukun yana nan a firizar maƙwabcina. Jiya na ga ɗan siririn layi ya fara bayyana a gefensa.