Sanyin hunturu da rigar ulu a dawa

'Yan uwa mafarauta, kun san halin dajin Gwaram a watan Janairu: da asuba sanyi har cikin ƙashi, kafin hantsi kuma gumi ya jiƙa mutum sharkaf.

Bana na samo rigar ulun merino a 'yan gwanjon Ƙofar Wambai. Gashin wasu tumaki ne 'yan asalin Sifaniya, yanzu Ostareliya ta fi kowa kiwonsu. Siririya ce, ba ta ƙaiƙayi. Ita nake fara sawa, in ɗora suwaita, sannan rigar farauta mai tare iska. Rana na ɗagawa sai suwaita ta koma jaka. Rigar ulun ko ta sha gumi tana riƙe ɗumi, auduga kuwa in ta jiƙe sai kaɗuwar haƙora.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yin ƙara. Jaket ɗin leda, kana jan tsarkiya ta yi kwaram, fakara ta tashi, ka bi ta da ido. Ga hannun rigar ulun a matse, tsarkiya ba ta kama shi.

Amma fa sarƙaƙiya ba ta raga mata, kada ka shiga ƙaya da ita tsura. Wanki kuma da ruwan sanyi, ban da murɗewa.