Godiya ga mutanen Mertola da duk wanda ya taya mu addu'a

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, Baba ya warware, yau da safe har ya yi mini faɗa wai shayina bai ji sukari ba.

Ga waɗanda labarin bai kai musu ba: Baba ya zo Fotugal bikin kammala karatuna, sai ya kafe ba zai koma gida ba sai ya ga tsohon masallacin Mertola, wani ɗan gari da ke kan tudu a bakin kogin Gwadiyana. Tun ƙarni na 12 aka gina shi, zamanin daular Musulunci ta Muwahhidun. Da Kiristoci suka ci garin a 1238 ba su rushe shi ba, coci suka mai da shi. Laifina ne da na yarda muka kama hawa da tsakar rana a watan Yuli. Na zaci wanda ya sha ranar Sakkwato shekara saba'in, ta Turai ba za ta kayar da shi ba. Ashe hawan tudu daban ne. Muna dab da ganuwa, gefen mutum-mutumin Ibn Ƙasi (wani shehin Sufaye da ya taɓa mulkin garin) bisa doki, jiri ya kwashe shi.

Godiya ta farko ga wata dattijuwa da ta fito da kujera da ruwa da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗan Fotugis ɗin da na iya duk ya gudu don ruɗewa, ita ta buga lambar neman agajin gaggawa, 112, ta tsaya tana yi masa fifita har 'yan kwana-kwana suka iso, don a can su ne suka zo da motar asibiti. Ko sunanta ban tambaya ba, abin na damuna. Allah ya saka mata da alheri.

Na gode wa ma'aikatan jinya da suka yi masa ƙarin ruwa, da mai masaukinmu da ya ƙara mana kwana biyu ya ƙi karɓar ko sisi. 'Yan uwana ɗalibai na Lisbon, da ku na gida da kuka hana wayata hutawa, Allah ya bar zumunci. Inna, ki yi haƙuri da na ɓoye miki har washegari.

Rana ta uku da sanyin safiya muka koma masallacin. Baba ya shafa ƙofofin nan masu siffar kofaton doki, ya daɗe tsaye gaban mihrabin da ke bayan teburin ibadar Kiristocin, bai ce uffan ba. Hasumiyar ganuwa da aka gina a 1292 kuwa daga ƙasa ya kalle ta. Ni na hana shi hawa, har yanzu yana mita.