Wai mu ne ba ma buɗe taga

Alhaji mai gidan da muke haya ya zo yau, da ƙafarsa fa, ba aike ba. Har na ji daɗi wallahi, na ce to yau dai magana ta ƙare.

Maganar bangon ɗakin yara ce da kullum yake a jiƙe, na daɗe ina mitarsa. Tun kafin ya shigo na ja sif ɗin gefe don ya gani da idonsa, fumfuna baƙa ɗigo-ɗigo ta cinye kusurwar, fenti ya kumbura yana ɓarewa, in ka shafa sai wani farin gari ya biyo yatsanka, gishirin da ruwa ke fitowa da shi daga cikin siminti ne. Takalman Abbansu na fata da ke ƙasan sif duk sun yi kore. Warin kuwa ba a magana, har a jikin kayan da aka goge ana jin sa.

Ya tsaya ya duba ya duba, sai cewa ya yi, "Hajiya ai wannan rashin buɗe taga ne, kuma na ji an ce kuna shanya a ɗaki."

An ce? Wa ya ce? Na dai haɗiye.

Na ce Alhaji ba wai babu gaskiya a maganarka ba, tururin wanka da na girki da jiƙaƙƙun kaya in suka rasa hanyar fita a bango mai sanyi suke sauka su zama raɓa, wannan kowa ya sani, amma zo ka ga wani abu. Shekaranjiya na yanko leda na manna ta a bangon, na liƙe duk gefunan da salatif ba inda iska za ta shiga. In laifin iskar ɗaki ne, ta waje ledar za ta jiƙe, in kuma daga cikin bango ruwan yake zuwa to ta ciki za ka gan shi. A gabansa na ɓare ta. Waje a bushe ƙamas, ciki kuwa sharkaf har yana gangarowa. Kuma ba rimar ƙasa ba ce, ita daga tushen bango take hawa a jere, da wuya ta wuce mita 1, wannan kuwa wuri guda ya fi jiƙewa, daidai inda bututun banɗaki ya bi ta baya.

Ya yi shiru, ya shafa gemu. Sai ya ce zai turo mai fenti.

Fenti! Na ce Alhaji don Allah mai gyaran famfo za ka fara turowa, fenti ba ya kashe fumfuna, rufe ta kawai yake yi, muddin bututun na yoyo za ta sake ɓullowa shi ma fentin ya ɓare, asarar kuɗinka ce ma. Ya ce, "To Hajiya, za a duba." Ya sa takalminsa ya fita.

Wannan "za a duba" ɗin ita ta tsaya min a rai wuni guda. Wa zai duba, yaushe?

Auta na gidan Anti tun safe saboda asmarsa, don haka na sa safar hannu da takunkumi na buɗe ko'ina na wanke wurin da ruwan sabulu, na kunna fanka a kai. Kwalayen da ke bayan sif na zubar duka, abin da ke tsotse ruwa irin kwali in ya kama ba ya wankuwa. Abu in ya jiƙe aka bar shi ya wuce awa 24 zuwa 48 bai bushe ba shi ke nan an ba ta wurin zama, to ina ga bangon da kullum cikin shan ruwa yake.

Yaya ta turo min saƙon murya wai in haɗa bilic da ruwan khal in fesa. Na kira ta a take na ce kar ki kuskura, haɗin nan iska mai guba yake fitarwa, a rufaffen ɗaki sai ya kai mutum asibiti. Dariya ma ta yi.

Ɗan abin auna danshin iskar ɗaki yana nuna kashi 74 cikin 100 da yamma. Ƙasa da 60 ake so.

Katifun yara sun dawo falo.

Abin da ke cin raina ba aikin wankin ba ne. Yaron nan in ya fara tari cikin dare ni ce a zaune, ba Alhaji ba, amma bangon nasa ne, ba ni da ikon in fasa shi in gyara sai da yardarsa. Abbansu ya ce mu kira mai gyara a cire a kuɗin haya, na ce ba da baki ba, sai Alhaji ya amince a rubuce, na san yadda ake manta magana in lokacin biya ya zo. Na ɗauki hotunan bangon da na ledar na tura masa ta WhatsApp tare da abin da muka tattauna. Ya buɗe, bai ce komai ba.

Abbansu wai in ba shi zuwa ƙarshen mako kafin in sake taɓo shi. Ban ce to ba, ban ce a'a ba.