Abin da tashar siriyal ta koya mini game da lokaci

Na daɗe ina ɗora wa wayar haɗi (kebul) laifi. Duk sanda bayanai suka iso da giɓi ta tashar siriyal (mashigar da bayanai ke bi bit ɗaya bayan ɗaya) ta tsohuwar kwamfutar da muke aiki da ita, sai in canza waya in sake gwadawa. Sai da na zauna na yi lissafi na gane inda gizo ke saƙa.

A gudun bit 115,200 a daƙiƙa, kowane bayit yana cin bit goma (takwas na saƙo, ɗaya na farawa, ɗaya na tsayawa), wato bayit 11,520 a daƙiƙa guda, tazarar maikirosakan 87 kacal tsakaninsu. Guntun 8250, ɗan na'urar da ke kula da tashar siriyal, wanda IBM ta sa a kwamfutarta ta 1981, da magajinsa 16450, bayit ɗaya suke iya ajiyewa. In firosesa bai amsa kiran katsewa ba (kiran da guntun ke yi masa ya dakatar da aikinsa ya zo ya ɗauki bayit) har bayit na gaba ya kammala shigowa, na farkon ya salwanta. Ga shi kuma a kwamfutar IBM samfurin AT, layin kiran katsewa na faifan ajiya (IRQ14) yana gaban na tashar siriyal ta farko, COM1 (IRQ4), domin layuka 8 zuwa 15 ta IRQ2 suke bi, shi kuwa IRQ2 ana amsa shi kafin IRQ4. Shi ya sa giɓin ke fitowa daidai lokacin da faifai ke rubutu.

Da muka samu sabon guntu, 16550A, mai rumbun bayit 16, na ɗauka an gama. Na sa ya riƙa kira sai bayit 14 sun taru, don a rage wa firosesa wahala, ashe gurbi biyu kawai na bari. Da na mayar da shi 8, asarar ta tsaya.

Wanda ya fi ba ni ciwon kai shi ne shirun da tashar kan yi farat ɗaya. A ISA, tsarin haɗin katunan waɗannan kwamfutoci, guntun 8259 mai isar da kiran katsewa ga firosesa tashin sigina yake gani, ba tsayuwarta a sama ba. Lambar manhajar da na rubuta don amsa kiran takan biya buƙata ɗaya ta fita, alhali wata na jira. Layin sai ya maƙale a sama, babu sabon tashi, babu sabon kira. Kwana uku na yi a kai. Maganin layi huɗu ne na lambar: a yi ta karanta rajistar IIR, wadda ke faɗin buƙatar da ke jira, har ta ce babu saura, a kwashe bayit zuwa ma'ajiya, sannan a aika wa 8259 saƙon kammalawa. Rubutu a allo da nake yi a cikin wannan lambar kuwa, na fitar da shi waje a ranar.