Bayan an canza ma mutum ƙofar zuciya

Ƙanwata aka yi ma aikin zuciya, aka cire mata ƙofa ɗaya da ta lalace, cikin ƙofofin zuciya da ke hana jini komawa baya, aka sa mata ta ƙarfe, tun lokacin nan ni ke riƙe da kalne ɗinta da ordonans ɗinta, shi ya sa nake son in yi magana da duk wanda ke da irin wannan mara lafiya a gida. Lokotoro ya ce mana asalin ciwon daga maƙogwaro ne, irin wanda yara ke yi a bar shi ba magani, daga baya ya taɓa zuciya.

Maganar ɗinki ba ta da tsawo. Ƙashin ƙirji aka tsaga, yana ɗaukar sati 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, to a wannan lokaci ba daka, ba jan guga, ba ɗaukar yaro ko bokitin ruwa, kabu-kabu ma a haƙura. In tari ya zo a rungume matashin kai a ƙirji. Tafiya kuwa a yi ta kullum kaɗan kaɗan, kwanciya wuni guda ba ta da amfani.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin tsinka jini. Wanda aka sa ma ƙofar ƙarfe zai sha shi har ƙarshen rayuwa, ita Sintrom aka rubuta mata, wasu warfarin ake ba su, kullum a lokaci ɗaya, in ya yi kaɗan jini ya daskare a kan ƙofar har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, in ya yi yawa jini ya ɓalle. Ba a gane wannan da ido, sai an yi analiz da ake ce ma INR, galibi ana son shi tsakanin 2 da 3, wasu 2,5 zuwa 3,5, lokotoro ne ke faɗa ma kowa nashi. Wallahi gara a rage cefane da a tsallake randebu ɗin awon nan.

Mu nan Maradi zogale abincinmu ne, na Jiratawa ga shi nan ko'ina, ga alayyafo ga kabeji ga salati, kuma ganyen nan suna da bitamin K wanda ke rage ma maganin ƙarfi. Ba a hana ta ci ba, an ce dai ta daidaita, kar ta share sati ba ganye sannan ta zauna ta cika ciki da kwaɗo kwana uku a jere.

Sai ƴan dubiya, Allah ya saka musu da alheri, amma kowa da saƙe-saƙinsa yake zuwa. Wata gwaggonmu ta kawo jiƙo, na ce Gwaggo ki yi haƙuri, ba raina ki na yi ba, ba mu san yadda zai yi da maganinta ba. Haka ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla a kasuwa, aspirin, ibuprofen, diclofenac, duk suna iya jawo zubar jini, kuma ƙaho wurin wanzami ma babu shi.

In kun ga dasashi na jini, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ko fitsari ja, ko bayan gida baƙi ƙirin, ko baki ya karkace magana ta sarƙe, a tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne. Zazzaɓi ma kar a ce ai na sauro ne a saya magani a sha, ƙwayar cuta na iya kama sabuwar ƙofar, tunda daga baki ma tana iya shiga jini shi ya sa ake matsa ma wanke baki, kuma kafin a cire haƙori dole a faɗa ma mai cirewa maganar ƙofar da maganin.

Mata kuma dan Allah maganar ciki a yi ta da lokotoro tun kafin a ɗauka, da maigida a zaune a wurin, don maganin nan na iya cutar da jariri a watannin farko, akwai allurar da ake canza shi da ita amma sai an shirya tun da wuri.